Na'urar Numfashi a Lokacin Jiran Ko-ta-kwana da Lokacin da Ta Ba da Matsala

Tambaya: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni sabon ma'aikaci ne a aikin kashe gobara, wata bakwai ke nan da na kammala horo. A wata gobarar ɗakin ajiyar kaya da muka je kwanan nan, an sa ni da abokin aikina cikin masu jiran ko-ta-kwana, muka goya na'urar numfashi muka tsaya a rana kusan awa guda ba mu shiga ba. Da aka ce mu shiga, sai na ga gejina ya sauka daga 280 zuwa 230, kuma muna tsakiyar hayaƙi na ji iska tana fita ta gefen kuncina. Tsoro ya kama ni har na kai hannu zan cire takunkumin, abokina ne ya riƙe ni. Ina roƙon a yi mini bayanin yadda ake kula da na'urar a lokacin jira, da abin da mutum zai yi idan ta lalace yana cikin hayaƙi."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Kafin komai, ka samu abokin aikin nan naka ka yi masa godiya ta musamman, domin bayan kiyayewar Allah, hannun da ya sa ya riƙe naka shi ne ya sa yau kake zaune lafiya kana rubuto tambaya. Kada kuma ka ji kunyar tsoron da ya kama ka. Na daɗe ina koyar da wannan na'ura, kuma ban taɓa ganin wanda gabansa bai faɗi ba ranar da ya fara jin iska tana tsere masa a cikin duhu. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: yadda ake riƙe na'urar kafin a shiga, da abin da ake yi idan ta ba da matsala bayan an shiga. Ni a wurina tambayar ɗaya ce, saboda yawancin matsalolin da na ga sun bayyana a cikin hayaƙi a waje suka faro, lokacin da mutum yake da haske da iskar Allah kyauta da damar gyarawa. Naka labarin ma haka yake, domin bar 50 da ka rasa (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar da geji yake nunawa) da yoyon da ka ji a kuncinka duka suna da tushe a abin da ya faru kafin ka taka ƙofar ɗakin.

Abin da kake goye da shi

Mutanen gari suna ce mata tukunyar oksijin, har wasu 'yan kwana-kwana ma sukan faɗi haka, amma abin da ke cikin silindar na'urar numfashi iska ce irin wadda muke shaƙa yanzu, an tace ta an danna ta da ƙarfi, kuma oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin ɗari. Wanda ya kai ta wurin masu walda aka ɗura mata tsantsar oksijin ya goya abin da zai iya kamawa da wuta a bayansa. Iskar tana fitowa daga silinda da ƙarfin bar 200 ko 300, ta bi ta na'urar rage ƙarfi da ke jikin allon baya, wadda take saukar da ita zuwa wajen bar 7, sannan ta bi tiyo zuwa bawul ɗin shaƙa da ke manne a gaban takunkumi. Wani siririn tiyo kuma yana tafiya zuwa geji da usur. An ƙera bawul ɗin shaƙa ta yadda ƙarfin iskar cikin takunkumi zai ɗan fi na waje a koyaushe, domin idan kafa ta samu, iska mai kyau ce za ta fita, hayaƙi ba zai samu hanyar shiga ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lissafin iskar ya kamata ya zauna maka daram. Silinda mai lita 6.8 da aka cika zuwa bar 300 tana ɗauke da iska kusan lita 1,800. Ana yin lissafin ne a kan cewa mutum yana shan lita 40 a minti ɗaya, abin da ya ba da minti 45 a takarda. A na'urorin da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai ta EN 137, usur yana fara kuka idan iska ta sauko wajen bar 55, kuma abin da ya rage a lokacin bai wuce na minti tara ko goma ba. Sai dai lita 40 numfashin mai aiki ne a tsanake. Mutumin da yake jan mesa cike da ruwa, yana hawa bene cikin rigar wuta a zafin watan Afrilu, yana iya shan lita 80 har zuwa 100, kuma a wannan hali usur zai iya kama shi kafin minti 20, ragowar bayan usur kuwa ba za ta kai minti biyar ba. Amurkawa sun ɗaga lokacin gargaɗin na'urorinsu daga rubu'in silinda zuwa sulusi a ƙa'idar NFPA 1981 ta shekarar 2013 saboda sun ga rubu'i ba ya isar mutum ya fito daga babban gini.

Jira a tasha

Jira iri biyu ne, kuma na farko shi ne wanda na'urar take yi a cikin mota ko a kan kantar ajiya, kwana da kwanaki ba a taɓa ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya karɓi aiki da safe ko da dare, shi da kansa zai duba na'urar da aka rubuta sunansa a kanta, ko da wanda ya miƙa masa ya rantse cewa lafiyarta ƙalau. Za ka buɗe bawul ɗin silinda a hankali har ƙarshe ka karanta geji. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada iskar ta gaza kashi 90 cikin ɗari, wato bar 270 a silindar 300, ko bar 180 a ta 200. Sai ka rufe bawul ɗin ka zuba wa allurar geji ido na minti ɗaya cur. Idan ta sauka fiye da bar 10, na'urar ba ta fita aiki ba. Daga nan ka riƙa sakin iskar da ta rage a tiyo kaɗan-kaɗan har ka ji usur, ka lura da lambar da ya fara kuka a kai. Ka duba gilashin takunkumi da leɓen robarsa, ka saki dukan maɗaurai zuwa ƙarshensu domin goyon gaggawa, ka gwada na'urar kururuwa da ke ɗamararka, wadda take tashi da kanta idan mutum ya yi kusan daƙiƙa 30 bai motsa ba, sannan ka rubuta komai a littafin na'urar ka sa hannu.

Yanayin ƙasarmu yana da nasa zaluncin a kan waɗannan kaya. Akwatin mota da ya wuni a rana yana busar da roba har ta fara tsagewa, ƙurar hunturu kuma tana shiga bawul ɗin shaƙa ta zauna a kan siririyar fatar da ke cikinsa. Saboda haka takunkumi a jakarsa yake kwana, a wanke shi da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, kada fetur ko man giris ko man juye su kusanci kowane sashe na na'urar. Silinda kuma ba a ɗaukarta ta wajen murɗin bawul, ba a jan ta a ƙasa, kuma a duba kwanan gwajin ƙarfinta da ke rubuce a jiki, wanda galibi bayan shekara biyar ake sabuntawa.

Wurin cika silinda shi ne inda na fi jin tsoro. Na taɓa zuwa wata tasha inda samari suke korafin ciwon kai da tashin zuciya duk lokacin da aka gama atisaye, ana ta ɗora wa zafi laifi. Da na zagaya bayan ɗakin kwamfaresa, sai na tarar an kafa janareta a gindin taga, bakin salansarsa bai fi taku uku ba daga inda injin yake zuƙar iska, bangon wajen har ya yi baƙi. Hayaƙin janareta ake dannawa cikin silinda, mutane suna goya shi suna shaƙa. Ƙa'idar EN 12021 ta iskar numfashi ba ta yarda kabon monoksaid ya wuce kashi 5 cikin miliyan ba, kuma matatar kwamfaresa ba lallai ta iya cire shi ba. Idan ka ji iskar silinda tana warin mai ko tana da ɗanɗano, ka ajiye ta ka kai rahoto, amma ka sani shi kabon monoksaid ba shi da wari, gwajin iskar kwamfaresa lokaci-lokaci ne kawai yake kama shi. Wani abu kuma, silinda tana zafi idan ana cika ta, ƙarfinta kuma yana sauka idan ta huce: wadda ta nuna 300 tana da zafin digiri 60 za ta iya komawa wajen 270 idan ta sauko digiri 30. Karatun da aka yi bayan ta huce shi ne na gaskiya.

Jira a bakin gobara, da inda bar 50 ɗinka suka tafi

Jira na biyu shi ne wanda kuka yi, kuma ina so ka daina kallonsa a matsayin tsayuwa ba aiki. Masu jiran ko-ta-kwana su ne rayuwar waɗanda ke ciki. A ranar 14 ga Maris 2001, a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, wani ɗan kwana-kwana mai suna Bret Tarver ya shiga gobarar wani babban kanti, iskarsa ta ƙare, ya rabu da mesar da zai bi ya fita, kuma ya rasu sakamakon shaƙar kabon monoksaid. Bayan rasuwarsa hukumar kashe gobarar birnin ta yi atisayen ceto masu yawa, ta gano cewa fitar da mutum ɗaya yana cin ma'aikata kimanin 12, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu ceton shi ma yakan faɗa cikin matsala. To, mai ceton da ya shiga da silindar da ta riga ta ragu, jikinsa kuma ya riga ya gaji da rana, ya fi kusa da zama mutum na biyu da za a nema.

Saboda haka wurin jiranku ya kasance a inuwa, ta ɓangaren da iska take busowa, kusa da mai riƙe da allon shiga, wato allon da ake rubuta masu shiga da iskarsu, inda kuke jin oba-oba kuna kuma sanin su wa suka shiga, ta wace ƙofa, da iska nawa. Ku sha ruwa, ku sassauta wuyan riga, ku zauna idan da hali. Kada a aike ku jan mesa ko korar 'yan kallo. Takunkumi yana rataye a wuya fuskarsa tana kallon ƙirjinka, domin kada toka da ruwa su taru a ciki, bawul ɗin shaƙa kuma a kashe yake.

Yanzu bari mu bi sawun iskarka. Bar 50 a silinda mai lita 6.8 iskar kusan minti bakwai ce, ba ƙaramin abu ba ne. Abu na farko da zan tambaye ka, kuma ka amsa wa kanka da gaskiya, shi ne ko ka riƙa danna maɓallin ƙarin iska kana hura wa fuskarka sanyi, domin na sha kama samari suna yin haka a lokacin bazara, kuma kowace dannawa daga rabonka na ciki ake cirewa. Idan ba haka ba, wataƙila bawul ɗin shaƙa ya buɗe da kansa lokacin da takunkumin ya bugi wani abu, hayaniyar famfon mota ta hana ka jin tsiyayar. Idan kuma an cika silindar ana dab da fitowa, hucewa za ta ci wani kaso. Amma abin da na fi zato shi ne ƙaramin yoyo, mai yiwuwa a zoben robar da ke mahaɗar silinda. Dubi lissafin: bar 50 a awa guda bai kai bar ɗaya a minti ba, wato yoyon da ido ba zai kama shi a geji cikin minti ɗaya ba idan silinda a buɗe take, amma idan aka bar silinda a buɗe tsawon awa sai ya yi ɓarna.

Wannan ya kawo mu ga abin da malaman wannan aiki suka saɓa a kansa: a bar silinda a buɗe a lokacin jira, ko a rufe? Masu cewa a rufe suna kare iska. Masu cewa a buɗe suna tsoron wani haɗari da ya fi yoyo muni, wato mutum ya rufe bawul ya bar iska a cikin tiyo, geji yana nuna masa 280, gaggawa ta zo ya manta, ya shaƙi numfashi uku ko huɗu a bakin ƙofa, na biyar ya same shi a cikin hayaƙi babu komai. Abin da nake koyarwa shi ne, muddin akwai mutane a ciki kuma kai ne mai cetonsu, silindarka a buɗe take har ƙarshe, kana karanta geji duk bayan minti goma kana faɗa wa mai allo, idan ta gaza 270 a canza maka nan take. Idan kuwa jiran canji kake yi kuma an san zai daɗe, ka sauke na'urar gaba ɗaya, ka rufe bawul, ka saki iskar tiyo har allura ta kwanta a sifiri. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne rufaffen bawul da geji mai nuna cika. Kuma da ka ga 230, hakkinka ne kuma wajibinka ne ka gaya wa ogan da ke kula da shiga kafin ka ɗaga ƙafa. Wannan ba rashin ladabi ba ne, domin da lambar da ka ba shi yake lissafa lokacin fitowarka.

Maganar kunci da gemu

Iskar da ka ji tana fita ta kuncinka, ita ce shaidar cewa ƙarin ƙarfin nan na cikin takunkumi yana aikinsa. Kana asarar iska, amma hayaƙi bai shigo ba, sai dai idan ka ja numfashi da ƙarfin da ya wuce abin da bawul yake iya bayarwa, wanda kuma shi ne abin da tsoro yake sa mutum ya yi. Sanadin yoyon yakan kasance gefen hular wuta ta yadi da ta shige ƙarƙashin roba, ko maɗaurai da aka ja ɓangare ɗaya fiye da ɗaya, ko maɗaurin hular kwano da ya ture takunkumin, ko zufar awa guda da ta sa robar ta zame, ko takunkumin da bai yi daidai da girman fuskarka ba. Haɓa ake fara sawa, a ja maɗauran ƙasa biyu tare, sannan na sama, abokinka ya zagaya da ɗan yatsa ya duba gefen, kai ma ka duba nasa. Bayan numfashin farko ka riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu ka saurara; idan ka ji tsiyaya, a waje za a gyara ta.

Akwai kuma maganar gashi, wadda ba zan tsallake ta ba ko da yake tana da nauyi a wurinmu. Da yawa daga cikin 'yan'uwa suna ajiye gemu saboda sunna, kuma ina girmama hakan. Hukuncin addini na malamai ne, su za a tambaya. Ni abin da na sani shi ne halin roba, kuma roba ba ta kama gashi. Ko tsiron kwana biyu ko uku a kan layin da leɓen takunkumi yake zama yana buɗe ƙananan hanyoyi da iska take bi. Shafa basilin a kan saje ba ya toshe su, lalata robar ma yake yi. Wanda ya zaɓi ya ajiye cikakken gemu yana da ayyuka masu daraja a wurin gobara, kamar tuƙi da sarrafa famfo da riƙe allon shiga, amma ni ba na sa shi cikin masu shiga hayaƙi, domin abokin tafiyarsa ma da iskar tasa ya dogara.

Idan ta ba da matsala kana ciki

Doka ta farko, wadda sauran duka suke bayanta, ita ce takunkumi ba ya barin fuska. Hayaƙin katifar soso da leda da yadin roba, irin kayan da ke cike da shagunan kasuwanninmu, yana ɗauke da kabon monoksaid da sayanaid. Kabon monoksaid yana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu, zafin hayaƙin kuma yana ƙona maƙogwaro, kuma shaƙa kaɗan ta isa ta rikita tunanin mutum har ya kasa mayar da abin da ya cire. Wannan jin na cewa takunkumi ne yake shaƙe ka, zafi da gajiya da firgici ne suke kawo shi, kuma yana lafawa idan ka durƙusa, ka ɗora hannu a kan mesa ko bango, ka fitar da numfashi a hankali sau uku. Daga nan ka taɓa abokinka ka sanar da shi, ku gaya wa na waje, ku juya tare. Duk matsalar da ta samu na'urar mutum ɗaya, mutum biyu ne suke fita, ko da matsalar ta gyaru a hanya.

Idan iska ta ɗauke gaba ɗaya, takunkumi ya manne maka a fuska, hannunka ya fara zuwa bawul ɗin silinda a bayanka. A lungu mai matsi murɗin yakan gogi bango ya rufe kansa, musamman idan tun farko juyi ɗaya ko biyu kawai aka yi masa, shi ya sa nake nanata a buɗe shi har ƙarshe. Idan a buɗe yake, ka danna maɓallin ƙarin iska, ka tabbata bawul ɗin shaƙa yana zaune daram a mazauninsa, ka shafa tiyo ko ya lanƙwashe. Idan maɓallin ne kaɗai yake ba ka iska, ka danna lokacin shaƙa ka saki lokacin fitarwa, kana tafiya. Idan kuwa akasin haka ne, iska tana ta kwarara ba tsayawa, to numfashi ba zai gagare ka ba, amma silindar za ta ƙare cikin 'yan mintuna. Akwai dabarar riƙe murɗin silinda, a buɗe a shaƙa a rage, sai dai ban yarda wanda bai maimaita ta a atisaye ba ya fara gwada ta a cikin hayaƙi, kuma mai yin ta ba ya ɗauke hannu daga murɗin har ya fita.

Yoyon gefe irin naka, tafin hannu a kan takunkumin a danna shi a fuska, sannan a ƙara jan maɗaurin ɓangaren. Haka ma idan maɗauri ya tsinke. Gilashin takunkumi wata irin roba ce da take fara laushi a wajen digiri 150, saboda haka idan ka ga ya fara ƙuraje ko tsattsagewa, wurin ya fi ƙarfin kayanka: ka kwanta ƙasa, ka kau da fuska daga wuta, ka rufe tsagar da safar hannu. Tiyon da ya yanke a damƙe shi a wurin yankan. Gejin da ya fashe ko allurarsa ta tsaya cak, ka ɗauka usur ya riga ya yi kuka. Shi kansa usur bai kamata ya same ka a ciki ba. Jamusawa suna da ƙa'idar cewa a tanadar wa hanyar dawowa ninki biyu na abin da aka sha a hanyar shiga, ni kuma ina ƙara ragowar usur a kai: idan ka shiga da 280 ka isa wurin aiki da 240, ka sha 40, dawowa tana buƙatar 80, ka haɗa da 55, wato a 135 za ka juya, bisa gejin wanda ya fi ƙarancin iska a cikinku.

Wayoyin lantarki da suke zubowa daga silin suna son kan silinda ƙwarai. Idan ka ji an riƙe ka ta baya, kada ka tura gaba da ƙarfi. Ka ja da baya kaɗan, ka kwanta ta gefe, abokinka ya zare maka, kuma ka riƙa yawo da ƙaramin almakashin waya a aljihun da hannu mai safa zai iya kaiwa. Raba iska kuwa ta mahaɗa ta biyu kawai ake yi, a na'urar da aka ƙera da ita. Miƙa wa juna takunkumi ɗaya yana jefa mutum biyu cikin hayaƙin.

Idan ka maƙale ko ka ɓace, ka kira taimako tun kana da iska, kada ka jira sai ka gama gwada dabarunka. Ka faɗi sunanka, da inda kake zato kake, da abin da ya faru, da lambar gejinka, sannan ka kunna na'urar kururuwa, domin idan ka fara kunna ta ƙararta za ta danne muryarka. Ka jingina da bango, ka haska tocila sama, ka shaƙa ta hanci ka fitar a hankali da tsawo, ba tare da riƙe numfashi ba. Idan silinda ta ƙare ƙaf, abin da ya rage shi ne ka kai fuskarka ƙasa, ka cire bawul ɗin shaƙa ka bar takunkumin, ka toshe kafar da gefen hular yadi. Wannan toka kawai yake tarewa, ba ya tare guba, kuma na faɗe shi ne don kada ka cire takunkumin duka. Ka kuma sani cewa a rijiya ko sokawe, inda ake yawan kiran mu, ƙasan ne ya fi haɗari, saboda iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar numfashi nauyi, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin warin hanci. A can igiyar da ke ɗaure da kai da mutanen da ke riƙe da ita a sama su ne hanyar fitarka.

Ban riƙe na'urarku a hannuna ba, kuma wurin maɓallai da yadda ake kashe bawul ɗin shaƙa ya bambanta tsakanin Dräger da MSA da Scott da sauransu, saboda haka inda littafin kamfanin ko umarnin hukumarku ya saɓa da lambobina, nasu za ka bi. Rubutu kuma ba ya koya wa hannu. Ka roƙi mai horar da ku ya rufe maka gilashin takunkumi da baƙar leda a filin tasha, ka sa safar hannu, ka nemo murɗin silinda da maɓallin ƙarin iska da na kururuwa, shi kuma ya riƙa rufe maka iska ba zato yana tsaye a kanka, har ranar da hannunka zai riƙa tafiya baya da kansa maimakon ya tafi fuska.

Bayan an fito

Wanda ya shaƙi hayaƙi ya ga likita ko da yana jin garau, kuma a gaya wa likitan abin da ya ƙone, domin ɗan abin awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa yana iya nuna lamba mai kyau alhali jini cike yake da kabon monoksaid. Na'urar da ta ba da matsala kuma a rufe bawul ɗinta, a rubuta lambar da geji ya nuna, a ɗaura mata alamar cewa ba ta aiki, a ajiye ta yadda take ba tare da an kwance komai ba har mai gyaran da aka horar ya duba ta. Idan na'urar da ka goya ran nan tana nan a mota, gobe da safe ka nemi izinin oganka ku sauke ta, ku buɗe silinda ku rufe, ku bar ta minti goma maimakon ɗaya kuna kallon allura, ku shafa ruwan sabulu a mahaɗar silinda da bakunan tiyo ku ga inda kumfa zai taso, sannan ka juya leɓen takunkumin a haske ka duba ɓangaren kuncin da ka ji iskar.